Na Je Vietnam Koyon Yin Shiru

Mutumin farko da ya yi mini murmushi a Hanoi shi ne ya fara cutata. A bakin filin jirgi na gan shi, da rigarsa fes da kati rataye a wuya, yana sayar da layin waya. Ya karɓi wayata da hannu biyu, ya saka layin, ya nuna mini ga shi ya kama, har da rusunawa. Kafin motar haya ta kai ni masauki layin ya mutu murus. Ni da na tashi a Gyadi-Gyadi, nake ciniki a kasuwar Tarauni tun ina 'yar makaranta, nake ganin ba a haifi mai yi mini wayo ba, sai ga ni zaune a bakin gado a ƙasar mutane, ba ni da hanyar gaya wa Innata na sauka lafiya. Na yi kukana mai isata, na wanke fuska, na ƙiyasta alƙibla na yi sallah.

Sunana Zuwaira. Ma'aikaciyar jinya ce ni a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa. Abin da ya kai ni waccan uwa duniya shi ne matan da nake gani kullum. Mace za ta yi ta zarya a ƙaramin asibitin unguwa tana cewa kanta ne, ƙirjinta ne ke zafi, barci ne ba ya zuwa. A ba ta farasitamol ta tafi, ta dawo, a sake ba ta. Kafin a gane ciwon damuwa ne a turo ta wurinmu, ya riga ya cinye ta. Sai muka ji labarin wasu likitoci a Vietnam da ke koya wa kwamfuta sauraron muryar mutum, ta nuna wanda ya kamata likita ya duba. Suka yarda su karɓi mutum ɗaya daga wurinmu. In na gamsar da su, za su bari mu buɗe irin aikin da Hausa a Tarauni. In ban gamsar da su ba, shi ke nan, zancen ya mutu. Shugabar sashenmu ta gaya mini ba sakayawa: "Zuwaira, ke kaɗai muka aika. Kada ki dawo mana da hotuna kawai."

Washegari na fito neman wani layin, na tsaya a bakin titi na kasa tsallakawa. Na ɗauka na san babura, tunda na ga Kano lokacin da acaɓa ke tashe. Ashe ban ga komai ba. Babura ne iya ganin ido, ba sa tsayawa, ba sa faɗa, wani da firji a baya, wani da bishiyar lemo sukutum a cikin tukunya. Ina nan tsaye baki buɗe sai wata mata mai tallan ayaba ta kama hannuna ba ko sallama, ta ja ni cikin su. A hankali take tafiya, ba gudu, ba tsayawa, baburan suna rabewa suna wuce mu ta gaba da ta baya. Ni salati kawai nake yi. Da muka kai ɗaya gefen ta sake ni, ta shafa hijabina tana dariya, ta yi gaba. Ko na gode ban san yadda ake cewa ba a lokacin.

Aikin ba a Hanoi yake ba, a Hue yake, can tsakiyar ƙasar, don haka na hau jirgin ƙasa. Da gari ya waye na leƙa taga, na manta da yunwar da nake ji. Gonakin shinkafa ne shimfiɗe cikin ruwa har ƙarshen gani, kore shar, ga kaburbura masu fenti a tsakiyar gonakin, mutane na noma a gefen iyayensu. Ɓaunar da mu sai a bakin mafarauta muke jin labarinta, a nan wata tsohuwa na gani tana jan ta da igiya. Na ce Allah mai iko, ashe duniyar da na sani ba ta kai cikin cokali ba.

Yunwa kuwa ta ci ni. Duk abin da aka turo a amalanken abinci sai in ga alamar naman alade. Dambun naman da Inna ta ɗaure mini da ayaba su suka riƙe ni har Hue. A tasha na tarar da Thao tana jirana. Ita ma ma'aikaciyar jinya ce, sa'ata, mai saurin dariya, kuma a gidan iyayenta aka ba ni ɗaki. Ita ta cece ni daga yunwa. Ta nuna mini wata kalma a jikin allunan gidajen abinci, “chay”, ta ce duk inda na gan ta in shiga hankali kwance, abincin masu ibadarsu ne, ba nama ko ɗigo. Mahaifiyarta kuma ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta hana kowa taɓawa sai ni.

Sai ruwan sama. Mu a Kano ruwa yakan zo da fushinsa, ya zuba, ya wuce, rana ta fito. A Hue ruwa zama yake zuwa yi. Ya kwana ya wuni, ya sake kwana, ba tsawa ba iska, zuba kawai. Hijabaina suka daina bushewa, takalmina ya yi funfuna. A nan kewa ta kama ni sosai. Ba kiran sallah, sai wanda wayata ke yi. Na yi kewar hon ɗin 'yan adaidaita sahu da na saba zagi, da ƙosan bakin layinmu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaisuwa. Mutane ne masu kirki ƙwarai, amma ba mai tsayar da kai ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Nakan wuni da gaisuwa cike da bakina ba wanda zan ba.

Shugabar aikin, Dakta Lan, mace ce 'yar ƙarama, da ƙyar ta kawo kafaɗata, amma in ta shigo ɗaki kowa gyara zama yake yi. Ba ta ɓarnar magana. Ta zaunar da ni gaban kwamfuta ta kunna muryar wani mutum, sai ga muryar ta zama zane a allo, tudu da kwari, da filaye a tsakani inda ba komai.

"Ba ruwanmu da abin da ya faɗa," ta ce da Turanci. "Mutanenmu ba sa cewa suna baƙin ciki. Za su ce kai, za su ce ciki, za su ce barci."

"Kamar namu ke nan," na ce.

"Yadda yake faɗa muke dubawa. Saurinsa, numfashinsa, hawa da saukar muryarsa. Da kuma wannan." Ta ɗora yatsa a kan filin da ba komai. "Tsawon shirunsa kafin ya ci gaba."

Ta ce na'urorin da aka koya wa sauraron Turawa ba sa yi musu aiki yadda ya kamata, domin harshensu da kansa yake hawa da sauka kamar namu, dole sai sun tara muryoyin mutanensu. Kuma na'urar ba likita ba ce, nuni kawai take yi. Sannan ta kunna mini wani masunci. Mutumin nan magana yake yana ƙyaƙyata dariya, har ni da ban ji ko kalma ba sai da na murmusa.

"Ya kika ji shi?"

"Wannan ai ɗan raha ne. Ƙalau yake."

Na'urar ta nuna shi. Da likita ya zauna da shi, ashe ya daɗe da daina fita kamun kifi, ya daina cin abinci, har ya fara tunanin rabuwa da duniya. Dakta Lan ta nuna mini a allo yadda bayan kowace dariya muryar ke faɗuwa ta miƙe ba rai, shirun kuma ya yi tsawo. Shekaru na yi ina sauraron marasa lafiya, kuma da ni ya samu a Kano da sallamarsa zan yi muna dariya tare. Na zauna ina kallon allon nan ina tasbihi a zuci. Ashe Ubangiji ya ajiye shaidar ciwon bawansa a cikin numfashinsa, ko da bakinsa ya ɓoye.

Daga nan aka tura ni da Thao wani ƙauyen masunta a bakin ruwa. A ƙaramin asibitinsu aka ware ɗaki, aka lulluɓe bangon da barguna saboda ƙarar ruwan sama. Thao ce ke yi wa mutane bayani a waje ta nemi yardarsu. Ni ce a ciki. Zan gyara makirufo, in danna, jar fitila ta kama, kwamfuta ta yi wa mutum tambayoyi da harshensu, ya amsa. Da gangan aka zaɓe ni, domin mutanen ƙauye sun fi sakin jiki gaban baƙuwar da ba ta jin yarensu, ba ta da wanda za ta kai wa gulma. Umarnin Dakta Lan gajere ne: "Ki danna, ki zauna, kada ki ce komai." Na ce a raina, wannan ma aiki ne?

To, ni Bakanuwa ce. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin mutum na ba da labarin wahalarsa a zuba masa ido kamar gunki ba. A layinmu in maƙwabciya ta fara, kafin ta ja numfashi an jefa mata "ayya", an jefa mata "Allah sarki". Ban san ina yi ba, wallahi. Mutum zai yi magana, muryarsa ta karye, ya tsaya, sai bakina ya yi aikinsa shi kaɗai. Wadda na fi yi wa ita ce wata tsohuwa mai suna Sen, mai sayar da busasshen kifi, wadda na raɗa wa Gwaggo don ta yi kama da yayar babana. Ta shigo fuska ɗaure, tana amsa tambayoyin a gajarce. Da aka zo tambayar ƙarshe, wadda ake cewa mutum ya faɗi yadda kwanakinsa suke, sai ta fara, ta tsaya. Na ce, "Sannu." Ta dube ni, ta ci gaba. Ta sake tsayawa. Na ce, "Ayya, sannu." Haka muka yi har ta gama, na fito ina jin na yi aikin lada.

Sai da aka tura muryoyin zuwa Hue asirina ya tonu. Dakta Lan ta zo ƙauyen da kanta, a kan babur, cikin ruwa. Ta zaunar da ni ta kunna. A kowane fili, inda ya kamata a ga shiru, sai ga wani ɗan tudu, sai ga muryata raɗau. Ayya. Allah sarki. Sannu. Ta canza mutum, haka. Ta sake canzawa, haka.

"Kin cike wurin da muke aunawa," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Mutanen nan wasu a kwalekwale suka zo. Duk sai an sake kiransu."

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Za ki sake ɗauka, ni kuma zan zauna a bayan ƙofa da abin sauraro a kunne. In na ji muryarki fitila na kunne, ba zan amince da aikin Kano ba. Ba hukunci ba ne. Ke za ki koya wa na can. In ke ba ki iya ba, duk muryoyinku haka za su zo."

Da la'asar na kira Inna.

"Inna, korata za a yi."

"Innalillahi! Me kika ɗaukar musu?"

"Ban ɗauki komai ba. Sannu nake ce wa mutane."

Ta fashe da dariya har da tari. "Yau na ji ikon Allah! Ƙasar da sannu ta zama laifi! To su ma da neman magana, ke da bakinki ko a barci ba ya hutawa, wa ya ce su ba ki aikin shiru? Ai da sun tambaye ni."

"Inna, ni kuka nake ji, ke kina dariya."

"Share hawayenki. In maganar ta taso, ki sa gefen hijabinki a baki ki cije. Da haka na zauna da kakarki lafiya har Allah ya karɓi abarsa."

Ni da Thao muka bi gida-gida muna ba da haƙuri, muna roƙon mutane su dawo. A gidan Gwaggo Sen ba ta bari mun tsaya a ƙofa ba. Ta ja ni ciki, ta ɗauko tawul tana goge mini hijabi tana faɗa, Thao ta ce cewa take wace irin yarinya ce ke yawo a ruwa ba malafa. A kan wani teburi akwai hoton wata budurwa, da turaren tsinke yana hayaƙi, da 'yan lemo a faranti. Gwaggo da kanta ta ce Thao ta gaya mini. 'Yarta ce tilo. Ta tafi wata ƙasa aikin masana'anta, ta kwanta ciwo a can, ta rasu ba kowa nata a kusa. Sai daga baya labari ya zo.

Gwaggo ta riƙe hannuna ta yi wata tambaya. Thao ta fassara: "Wai mahaifiyarki ta san inda kike kwana? Ta san kina cin abinci?"

Na ce ta sani. Ta gyaɗa kai. Sannan ta tambayi ma'anar abin nan da nake ta faɗa mata rannan. Na ce abin da muke gaya wa wanda ke shan wahala ne, don ya san an gan shi. Ta gwada shi a bakinta a hankali, ta yi dariya da 'yan haƙoranta.

Ranar sake ɗauka na yi ta cin hijabi. Na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka, har gefen hijabin ya jiƙe sharkaf. Sai ga Gwaggo. Na gyara mata makirufo, na danna, jar fitila ta kama. Wancan karon ban san abin da take faɗa ba. Wannan karon duk da ban ji yaren ba na sani, har sunan yarinyar ina tsinta a cikin maganar. Ta zo inda muryarta ke karyewa, ta tsaya, ta ɗago ta dube ni. Jira take. Na tura hijabi a baki na cije har haƙorana suka yi tsami. Shirun ya yi ta tafiya. Ban taɓa sanin shiru na da nauyi haka ba, ina jin ruwa na ɗiga daga rufi, ina jin numfashinta, ina tuna Dakta Lan a bayan ƙofa da matan da ke zarya a asibitocin unguwarmu. Kalmar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, sai ta fito ta ido. Hawaye suka dinga zuba a kan hijabin da ke bakina.

Gwaggo ta daɗe tana kallona. Sai ta miƙo hannu ta dafa gwiwata, ta ce da muryarta mai rawa, "San-nu."

Sannan ta juya ga makirufo ta ci gaba da maganarta har ta kai ƙarshe. Fitila ta mutu. Na zare hijabin daga bakina na rungume ta, na juye mata duk sannun da na tara.

Dakta Lan ta shigo tana cire abin sauraro, idanunta ja. Ita ta ji kowace kalma.

"Ba ni na faɗa ba," na yi saurin cewa.

"Na sani. Shirunta ne, tana da ikon cike shi." Ta nannaɗe wayar abin sauraron a hannu. "Ki kira na gaba."

Na'urar ta nuna Gwaggo, likita ya zauna da ita ya tabbatar, aka ɗora ta a kan magani da ganawa. Ba zan ce ta warke ba, amma kafin in baro ƙasar ta koma zama a kasuwa, har ta cika mini jaka da busasshen kifin da ya sa ma'aikatan filin jirgi suka yi ta toshe hanci. Dakta Lan ta amince da aikin Kano. Da za mu rabu, hannuna kawai ta riƙe ta daɗe.

Yanzu muna da ɗan ɗaki a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Mu ba ruwan sama ne matsalarmu ba, janareto ne da hon, don haka kwalayen ƙwai muka manna a bango. Har yanzu tara muryoyi muke yi, na'urar ba ta gama koyon Hausa ba. 'Yan'uwana ma'aikata kuwa duk na sa su cin hijabi, namiji ɗayan da ke cikinmu hularsa yake cizo.

Wadda na fara ɗauka wata mata ce daga Darmanawa, mai kimanin shekarun yayata, ta zo da ciwon kan da ya ƙi jin magani. A nan na gane na Vietnam wasa ne, domin yanzu kowace kalma ina ji. Kwamfuta ta tambaye ta yadda kwanakinta suke. Ta ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Ta yi shiru, ta dube ni. Na cije hijabi. Shirun ya yi tsawo har na ji kunya ta kama ni, kamar na yi wa babba rashin ɗa'a. Sai ta sunkuyar da kai ta fara. Ɗanta ne ya rasu a hatsarin mota. Ta faɗi yadda ya fita da safe, da abin da ya ce mata a bakin ƙofa, da yadda har yau take zuba abinci da rabonsa. Ta tsaya, ta ci gaba, ta sake tsayawa, ban tanka ba, har ta faɗi abin da take ji in kowa ya fita ya bar ta ita kaɗai a gidan.

Fitila ta mutu. Na ce, "Sannu, Hajiya. Sannu."

Ta share fuska da gefen mayafinta. "Sista, tun da abin nan ya faru, duk wanda na fara gaya wa, kafin in kai rabi ya ce in yi haƙuri. Yau ne na fara kai ƙarshensa."

Na ɗebo mata ruwa ta sha, sannan na riƙe hannunta na raka ta ɗakin likita da kaina.